Hannun Da Aka Ce Yana Cin Gashi

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa.

Ta zo mu ji ta, kunnuwanmu a buɗe.

To, a zauna daidai, a daina mutsu-mutsu. Wannan labarin wadda aka zalunta ne, ba a jin sa da rabin kunne.

A wani gari can, an yi wata mai kitso, sunanta Yalwa. Duk garin babu mai hannunta. In ta ɗauki tsinke ta tsaga kai, sai ka rantse da zare ta auna layin. Shuku ne, kalaba ce, doka ce, babu wanda ya gagare ta. Wani abin kuma da ya fi kitson, Yalwa ba ta da tsegumi. Abin da ta gani a ƙarƙashin ɗankwalin mace, ko furfura ce, ko tabo ne, ko ƙwarƙwata, a kan tabarmarta yake mutuwa.

Amma matan garin suna da wata ɗabi'a. A wurinsu kitso bai yi kyau ba sai ya ɗaga gira. Mace za ta zauna ta ce, "Ja, Yalwa, ja! So nake ya kai ni wani watan." Sai Yalwa ta ja. Mace ta tashi ba ta iya dariya, ba ta iya tauna tuwo, ba ta iya ɗora kai a matashi. Sai ta ce, "Yauwa, yau na yi kitso." Ita ma Yalwa haka maƙwabciyarta Kyauta ke yi mata, a ja har hawaye ya fito.

Ana nan, ana nan, sai gashin gaban goshin matan garin ya fara ja da baya. Wannan ta duba madubi ta sauko da ɗankwali. Waccan ta duba ta sauko da nata. Kowa ta yi shiru, kowa tana zaton ita kaɗai ce.

Rannan da bazara, sai aka yi suna a gidan Gwaggo Marka. Gwaggo Marka ita ce uwar matan garin. Ba a biki ba a suna sai da ita, kuma in ta faɗi magana, ta zauna. Yalwa ta shigo da ƙwaryar fura a kai. Ta zo saukewa a tsakar gida, sai gammo ya kama ɗankwalinta, sai suka faɗo tare. Sai ga gaban goshinta fili fetal, yana ƙyalli a rana.

Sai Gwaggo Marka ta miƙe, ta tafa hannu.

"Ahaf! Dama na daɗe ina zargi. Ku duba da kyau, mata. Hannun Yalwa cin gashi yake! Ya cinye na mutane, bai ƙoshi ba, ya koma ya cinye na mai shi."

Yalwa ta ce, "Haba Gwaggo, hannun da ya yi miki kitso shekara da shekaru?"

"Shi fa! Ni dai Allah ya tsare nawa. Amma daga yau duk mai son kanta ta san inda za ta kai shi."

Sai mata suka bushe da dariya, kowa hannunta a kan ɗankwalinta, tana danne shi kada ya zame. Ku lura da wannan. Ba shaida, ba bincike, ba wanda ya ce a tsaya a ji ta bakinta. Magana ɗaya aka yi, aka kashe wa baiwar Allah sana'a da suna.

Yalwa ta ɗauki ɗankwalinta ta kaɗe, ta ɗaura, ta fita.

Gari ya waye, ta shimfiɗa tabarma, ta jera tsinke da mataji da man kaɗanya. Ba wanda ya zo. Kashegari ta shimfiɗa, ba wanda ya zo. Mata suka koma wurin wata mai kitso a ƙauyen gaba, wadda in ta ja kai har kunne yake motsi. Kyauta kaɗai ta rage, ita ma ta ƙofar baya take shigowa.

Sai Yalwa ta zauna ta dubi hannunta. Ta juya shi gaba, ta juya shi baya. Ta ce, "In kai ne mai laifi, zan sani. In ba kai ba ne, sai garin nan ya sani."

Sai ta yafa mayafi ta tafi kemis na bakin kasuwa. Mai kemis ɗin wani dattijo ne, Malam Tsalha. Ta gaishe shi, ta jira masu sayen maganin zazzaɓi suka watse, sannan ta ɗaga ɗankwali.

Malam Tsalha ya gyara tabarau ya duba. Ya ce, "Akwai ƙuraje? Akwai ciwo?"

"Babu, Malam."

"Kina da juna biyu, ko kina shayarwa?"

"A'a, na yaye autana tuni."

"Kitson nan wa ke ɗaure miki shi haka, kamar za a ɗaure buhun gero?"

Yalwa ta ce, "Haka ake yi a garinmu."

Ya ce, "To shi ne ɓarawon. Ana ja, saiwar gashi tana gajiya, har ta saki. Naki da sauran rai, ina hango ƴan ƙananan gashi a wurin. Akwai maganin shafawa, ba ya buƙatar takardar likita. Amma yana da sharuɗɗa uku, in ba za ki iya ba, kada ki wahalar da kanki."

"Faɗa mini, Malam."

"Na farko, ɗan kaɗan za ki ɗiga a fatar kai, safe da yamma, ki murza, sannan ki wanke hannu tas kafin ki taɓa fuska. Na biyu, a daina jan kitso. Na uku, haƙuri. Da farko ma zai yiwu ki ga gashi ya ƙara zuba, kada ki firgita. Ba aikin mako ba ne, aikin watanni ne. In kuma kika ji ƙaiƙayi mai zafi, ko jiri, ko gabanki na bugawa, ki ajiye shi ki tafi asibiti."

Yalwa ta ce, "Maimaita mini." Ya maimaita. Ta faɗa masa da bakinta tun daga farko har ƙarshe, ba ta tsallake ko ɗaya ba. Sannan ta karɓi kwalba ta koma gida.

Ta sa Kyauta ta tsefe mata kai, ta yi mata manyan kitso sakwa-sakwa. Ta ɗiga magani a goshi, ta sa hannun nan na dama da aka yi wa sharri, tana murzawa tana waƙa a hankali:

"Hannuna, hannuna,
An ce kai ne maci gashi.
Shafa da safe, shafa da yamma,
Gaskiya ta tsiro a goshi."

Ba a daɗe ba, sai gashi ya ƙara zuba. Ta sa mataji, sai ya fito da gashi cike da hannu. Kyauta ta gani, ta dafe ƙirji.

"Na shiga uku! Ke Yalwa, wannan magani ne ko aska? Jefa shi a masai! Bari in haɗa miki na kakata, kanwa da barkono da man shanu, ki ji yadda kai zai farka."

Yalwa ta ce, "Kanwa da barkono? Kaina ne, ƙawata, ba tukunyar miya ba."

"Amma ai zuba yake!"

"An gaya mini zai zuba. Abin da aka gaya mini ya faru, me zai sa in gudu?"

Ita ma kuwa tsoro take ji. Amma da yamma ta yi, sai ta ɗauki kwalba ta ɗiga, ta murza, ta wanke hannu.

Damina ta faɗi. Gero ya tsiro a gona, wake ya tsiro, har ciyawa ta tsiro a kan katanga. Goshin Yalwa shiru. Sai mijinta Nomau ya leƙo, ya same ta tana ɗiga magani. Shi Nomau sanƙo gare shi tun yana saurayi, kuma bai taɓa damuwa ba.

Ya ce, "Wai ke, wannan ɗigo-ɗigon kamar mai ba jariri ruwa, yaushe zai kai ki? In ɗigo yana aiki, ai ludayi ya fi shi. Juye kwalbar gaba ɗaya, gobe ki tashi da gashi har gadon baya."

Yalwa ta ce, "Maigida, in ka juye buhun taki a gindin gero ɗaya, gobe za ka yi girbi?"

"Ƙonewa zai yi."

"To, bar ni da ɗigona."

Nomau ya cire hula ya shafa kansa. "Ni fa, ba a ɗan taɓa mini?"

"Kai naka ya daɗe da yin ƙaura, Maigida. Je ka wurin Malam Tsalha ya duba ko sun bar wani a gida."

Nomau ya yi dariya ya mayar da hularsa. Ita kuwa ta murza, ta wanke hannu, tana waƙarta:

"Hannuna, hannuna,
An ce kai ne maci gashi.
Shafa da safe, shafa da yamma,
Gaskiya ta tsiro a goshi."

Gero ya fara fitar da kai. Tabarmar Yalwa har ta fara fumfuna don rashin mai zama. Sai rannan ga Gwaggo Marka da kanta a ƙofar gida, ta rufe fuska da mayafi, ido kawai ake gani.

Ta tsaya daga nesa ta ce, "Da kaka za a aurar da jikata. Ta kafe, wai ita ba mai taɓa kanta sai ke. Na yi faɗa na gaji. Zan bari ki yi mata, mata su gani, su dawo miki. Amma ki ja shi sosai, ya ɗaga gira, kada dangin miji su ce mun kai musu amarya da kitson marasa lafiya."

Yalwa ta dubi tabarmarta. Ta dubi tsinkenta da ya yi ƙura. Kalma ɗaya za ta faɗa, sana'arta ta dawo. Zuciyarta ta ce mata, karɓi mana, sau ɗaya ne.

Sai ta ce, "Gwaggo, zan yi mata kitson da ba a taɓa gani ba a garin nan. Amma ba zan ja ba."

"Me kika ce?"

"Ba zan ja ba. Jan nan shi ya cinye nawa. Ba zan sa hannu in cinye na yarinya ba, bayan na sani."

Gwaggo Marka ta ja tsaki. "Ji mini mara kunya! An zo ɗaga ki kina kwanciya. To zauna da tabarmarki." Ta juya ta tafi.

Yalwa ta shiga ɗaki ta yi kuka har ta gode wa Allah. Da yamma ta yi, sai ta share hawaye, ta ɗauki kwalba.

To, ashe akwai abin da Yalwa ba ta sani ba. Kyauta ba ta iya riƙe magana, ta riga ta faɗa a bakin rijiya cewa Yalwa na shafa magani daga kemis. Gwaggo Marka ta ji. Ita kuwa goshinta ya fi na kowa gudu, tsoron a gani ne ma ya sa ta riga kowa nuna yatsa. Sai ta lallaɓa kemis ta ce a ba ta irin na Yalwa. Malam Tsalha ya ce, "Tsaya, Hajiya, yana da sharuɗɗa." Ta ce, "Ni za ka koya wa shafa mai? Na girmi kemis ɗin nan." Ta fizge kwalba ta fita. A gida ta riƙa kwarara shi kamar mai wankan jego, yana gangarowa har kumatu. Ba ta wanke hannu, da shi take share gumi. Kitsonta kuwa yana nan a ɗaure tamau.

Gero ya nuna. Wata safiya Yalwa ta kai hannu goshi za ta shafa magani, sai ta ji wani abu mai laushi kamar bayan ɗan tsako. Ta ɗauki madubi ta fita haske. Sai ga ƴan gashi baƙaƙe sun jeru a inda ya zama fili. Ba ta yi guɗa ba, ba ta kira kowa ba. Ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta ɗiga, ta murza, ta wanke hannu.

Ba a jima ba, da rana tsaka, mutane duk suna gona, sai ta ji ana ƙwanƙwasa ƙofar baya. Ta buɗe, sai ga Gwaggo Marka. Ta shigo ta rufe ƙofa, ta sauke mayafi. Goshi ya ƙara nisa, fatar ta yi ja tana ɓarewa. Kumatu kuwa sun yi gashi luf-luf kamar na ɗan akuya.

Gwaggo Marka ta ce, "Ƴar nan, ki rufa mini asiri. Biki ya matso, ya zan yi?"

Da wata ce, da ta ƙwala kira unguwa ta taru. Yalwa ta ce, "Zauna, Gwaggo." Ta shimfiɗa tabarma, ta tsefe mata kitson nan a hankali, kowane ɗaya ta kwance sai tsohuwa ta yi ajiyar zuciya. Ta wanke mata kai da ruwan ɗumi. Ta raka ta kemis ta bayan gari. Wannan karon Gwaggo Marka ta tsaya ta ji. Malam Tsalha ya ce ta ajiye maganin, ta je asibiti a duba fatar, na kumatu kuwa zai tafi da kansa in an daina.

A hanyar dawowa Gwaggo Marka ta ce, "Na gode, ƴar nan. Ki yafe mini, mu bar shi tsakaninmu."

Yalwa ta ce, "Kumatunki tsakaninmu ne, Gwaggo, har abada. Amma maganar hannuna ba tsakaninmu kika yi ta ba. A taro kika faɗa, a taro za ki janye."

Gwaggo Marka ta kauce wa zancen. Ta ce dai Yalwa ta zo ta yi wa amarya kitso yadda ta ga dama.

Ranar biki ta zo, aka taru a gidan Gwaggo Marka. Yalwa ta yi wa amarya wani shuku mai zane kamar saƙar faifai, ba ta ja ko sili ɗaya ba. Amarya ta fito tana dariya da dukan bakinta, tana juya wuya yadda take so. Mata suka kewaye ta suna kallo. Wata ta ce, "Kai, wannan kitso! Wa ya yi?" Wata ta ce, "Wayyo, Yalwa ce. Shi ke nan, gashin yarinya ya tafi."

Sai Yalwa ta shigo tsakiyar gida, daidai inda ɗankwalinta ya taɓa faɗuwa. Wannan karon ba gammo ne ya cire shi ba. Ita ta sa hannu ta kwance shi. Sai ga goshi ya cika da sabon gashi, gajere, baƙi, mai yawa.

Ta ɗaga hannun dama. Ta ce, "Ga hannun da aka ce yana cin gashi. Shi ya shafa maganin nan safe da yamma, tun bazara. In ci yake, me ya hana shi cin wannan? Gwaggo, ina jiran ki."

Gwaggo Marka tana zaune cikin mayafi. Ta ce ƙasa-ƙasa, "To, ai ya wuce, a bar zancen."

Yalwa ta ce, "Ba mu ji ba, Gwaggo."

Ta ɗan ɗaga murya. "Na ce wataƙila an yi kuskure."

"Wa ya yi kuskuren? Na bayan can ba su ji ba."

Gwaggo Marka ta dubi Yalwa. Ta san kalma ɗaya Yalwa za ta faɗa a ce ta sauke mayafi, garin ya samu abin dariya na shekara. Ta jira kalmar. Yalwa ba ta faɗe ta ba, kuma a idonta ta ga ba za ta faɗa ba.

Sai tsohuwa ta dafa ƙasa ta miƙe. Ta ce da irin muryar da ta yi sharrin da ita, "Ni Marka, ni na yi wa Yalwa ƙazafi a gidan nan. Hannunta ba ya cin gashi. Mu ne muka ce ta ja. Nawa ma ya tafi, tsoro ne ya sa na ɗora mata." Sai ta tura ɗankwalinta baya da kanta, goshi kawai ta nuna.

Wata mata ta yi ajiyar zuciya, ta tura nata. Wata ta tura nata. Kafin ka ce me, tsakar gida ta cika da goshi, rana tana haskawa. Nomau ya leƙo daga zaure, ya cire hula ya ce, "Ashe dangina ne suka taru, ba a gayyace ni ba!" Sai aka fashe da dariya, har da masu hawaye.

Kashegari Yalwa ta shimfiɗa tabarma, sai ga layi har waje. Kowa ta zauna, sai ta fara gaya mata sharuɗɗan nan uku, ta sa ta maimaita, sannan ta tura ta kemis a duba ta. Wasu gashinsu ya dawo. Wasu rabi ya dawo. Gwaggo Marka kuwa akwai wani gefe na hagu da saiwar ta riga ta mutu, har ta bar duniya bai tsiro ba.

Ita ce kuwa ta fara zama a tabarmar. Yalwa ta sa tsinke ta tsaga. Baki ya saba, sai tsohuwa ta ce, "Ja, Yal..." Sai ta kama bakinta. Ta ce, "A hankali, ƴar nan."

Yalwa ta ce, "A hankali, Gwaggo."

Ƙurunƙus kan ɗan kusu, nan ta tsaya.

Ku riƙe abu biyu. Magani sai an bi ƙa'idarsa, an kuma daina abin da ya kawo cutar. Sannan duk wanda ya ɓata sunan mutum a gaban jama'a, a gaban jama'a zai wanke shi, da murya mai ƙarfi. Marka ta yi nata. Amma matan nan da suka yi dariya ranar suna, sun zo sun zauna an yi musu kitso, ba wadda ta buɗe baki ta ce, "Yalwa, yi haƙuri." Ita ta yafe musu, don ita Yalwa ce. Ni kam ban yafe ba, sai sun koma sun faɗa da bakinsu.

A tashi, a naɗe tabarma.